Dattijon da Ya Yarda Ya Yi Magana

Tun safe Uwais ke yawo da kyamara a kasuwar Ƙanƙara, yana neman wanda zai faɗa wa tasharsa ta intanet ɓarnar 'yan bindiga. Kowa sai ya kau da kai. Ransa ya gama ɓaci, sai ga wani dattijo, rawani har hanci.

"Zan yi magana, yaro, amma ba na buɗe fuska."

Ya yi bayani har da kuka.

Uwais na kunna bidiyon a gida, yayarsa Suwaibatu ta saki kwano.

"Wane ne wannan?"

"Ban ga fuskarsa ba, Yaya."

"Ni ma haka. Amma wata biyu ina daji idona a ɗaure, muryar nan ke cewa a ƙara mana bulala."