Gangar da Ta Ratso Bango

Sai da haƙoran mijin yayata suka zube a tsakar gida kafin maƙwabta su iya ɓamɓare ni daga wuyansa.

Inna, da ta zo mana ziyara, ta kwaɗa min mari. "Butulu! Mutumin da ya ba ka ɗaki, yake ciyar da kai?"

Na ɗauko kwamfutata, hannuna duk jini.

Ba ni da akwatin da ake jona makirufo, don haka da ɗan kunnen jikin kwamfutar nake ɗaukar waƙa. Shi kuwa ba ya zaɓe: fanka, tari, kukan akuya, duk kwashewa yake yi. Ni kuma na toshe kunnuwana da kiɗa, ban san wainar da ake toyawa ba. Rannan na tsinci wani "dum" mai daɗi da ya ratso bango. Na yanko shi, na mai da shi ganga. Waƙar ta karɓu. Har mijin ya taka rawa, Yaya tana kallo, gyale ya rufe mata rabin fuska.

Yau, kafin na shaƙe shi, na koma asalin abin da na ɗauka, na cire kiɗan, na ƙure ƙara. Shi na kunna musu.

Dum. Dum. Ƙarar buga kan mutum ce a jikin bango. Sai muryar Yaya, ƙasa-ƙasa, cikin shessheƙa:

"Don girman Allah ka yi a hankali. Ƙanena yana aiki."

Inna ta dubi tafin hannunta, ta dubi surukinta. Sannan ta sunkuya ta ɗauki taɓarya.