Malamin da Ya Daina Zagaya Aji

Kai da aka damƙa wa aji bana, saurari wannan kafin ka fara raba wa yara wurin zama.

A zamanin da ake shafe allon aji da baƙin tsohon batir, ƙararrawar makaranta kuwa wani guntun ƙarfe ne rataye a reshen darbejiya, an yi wani malami a wata firamare ta ƙauye. Mutumin kirki ne, ba a taɓa jin ya zagi ɗan kowa ba. Sai dai yana da halin nan na masu kirki, in ya yanke abin da zai amfane ka, ba ya ganin akwai sauran buƙatar ya tambaye ka. Shifta ce abin alfaharinsa. Ranar shifta sai ya goya hannu a baya, ya yi ta kai da komo tsakanin bencina, takalminsa na fata yana ƙara, yana jan kalma kamar mai rera waƙa. Kowace jimla sau biyu yake faɗinta, ɗaya yana tafiya, ɗaya yana dawowa. Dokarsa kuwa ɗaya ce tak: wanda ya waiwaya, satar amsa ya yi. Waɗanda suka zauna a ajin nan har yau in sun haɗu sai sun kwaikwayi tafiyarsa, su yi dariya, daga baya kuma jikinsu ya yi sanyi.

A cikin ɗalibansa akwai wata yarinya mai kaifin ƙwaƙwalwa, wadda sanƙarau ya kwantar wata bazara. Ta tashi da ƙyar, amma jinta ya tafi, saura ɗan abin da ba a rasa ba. Da ta dawo sai ta koma wurinta na da, can bencin baya jikin bango, tana ɗan taɓukawa. Tausayi ya kama malam. Ya ce ina amfanin a bar mai ciwon kunne a ƙurya? Ya ɗauko ta ya dasa a bencin gaba, ya kuma ƙara murya saboda ita, har malamin ajin da ke kusa ya fara ƙorafi. Abin mamaki, maimakon gyara sai aikinta ya lalace. Takardarta ta shifta ta koma gibi-gibi, kalma nan, fili can. Sannan ta tsiri waiwaye. Ya yi mata kashedi, ta sake, ya karɓe takardar a gaban 'yan aji, ta sunkuyar da kai tana hawaye. Ransa ya ɓaci ƙwarai, don ya tabbata ya yi mata iyakar gata. Ga jarrabawar ƙarshen shekara ta matso, kakar yarinyar kuma ta riga ta aiko cewa in ba ta wuce aji ba, a bar mata ita ta taya ta saƙar faifai, boko ba na wanda ba ya ji ba ne.

Ana nan, wata rana an fita hutun tara, yana zaune a gindin darbejiya sai ya hango 'yan mata suna gaɗa. Ga yarinyar nan a tsakiyarsu tana amshi daidai, ba ta riga kowa ba, ba a bar ta a baya ba, idonta kafe a bakin mai ba da waƙa. Ya daɗe yana kallo. Da aka watse ya yafito ta, ya tsuguna gabanta, ya yi mata tambayar da ya kamata ya yi tun ranar da ta dawo: ita a ina ta fi son zama? Ta ce, “Malam, a baya in ka juyo ina ganin bakinka, sai in kama ɗaya daga cikin biyun. A gaba kullum kana bayana. In ka yi ihu kuma bakinka ba ya nuna kalmar.” Kunya ta rufe shi. Ashe waiwayen da ya kira sata, bakinsa take nema.

Ranar jarrabawa ya bar ta ta zaɓi wurinta da kanta. Shi kuwa ya tsaya cak inda hasken taga ke faɗo masa a fuska, ya karanta shifta da muryarsa ta kullum, har gashin bakin da yake ji da shi sai da ya datse don kada ya rufe masa leɓe. Yara suka yi ta gumtse dariya, sun ga malam an ɗaure shi ba igiya. Yarinya ta cika takardarta har ƙasa, ta wuce aji, faifai ya jira wata mai saƙar. Daga ranar har ya ajiye alli, ba a ƙara jin ƙarar takalmin nan tsakanin bencina ba, kuma bai sake zaɓa wa mai lalura wurin zama ba sai ya tsuguna ya tambaye shi.

Gaskiyar masu iya magana, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.