Ƙoƙon Kan Kyauta

Likita ta ɗora ƙoƙon kai na farar roba a kan tebur, ta juyo shi ta gefen hagu inda ramin yake. Lauwali ya kawar da ido.

Siffar kan Kyauta ce, yayan matar Lauwali kuma maƙwabcinsa a gonar albasa ta Goronyo. Daga hoton da aka ɗauka ranar da aka kawo shi asibiti wata na'ura ta yi ta zuba roba, layi kan layi, har ƙoƙon ya fito da kowace tsaga. Da irin na'urar, in ji likita, aka buga faifan ƙarfe mara tsatsa, daidai da kansa, wanda za a sa masa mako mai zuwa.

Wata goma sha huɗu ke nan da aka tsinci Kyauta cikin jini a bakin kanal ɗin ban ruwa, ranar rabon ruwa. Da ya farfaɗo ya ce bai tuna komai ba. Aka tsaya a kan santsi ne ya kwashe shi ya bugu da siminti. Aka cire ƙashin da ya farfashe, fata kaɗai ta rage a wurin, in ya yi tari sai ka ga tana motsi.

Tun ranar Lauwali ke shayar da gona biyu. Shi ya cire albasar Kyauta, shi ke goya shi a babur zuwa Sakkwato. Da liman ya ba da misali da shi a huɗuba, sai da Lauwali ya yi Juma'a uku yana sallah a wani gari.

"Malam Kyauta, dubi nan," likita ta ce. "Siminti ba ya barin rami mai baki biyu haka. Ƙarfe ne."

Kyauta ya sa yatsa ya shafa ramin, ya daɗe.

"Faɗuwa na yi, likita."

Ta dube shi, ta dubi Lauwali da gumi ya jiƙa wa wuyan riga, ta rufe fayil.

A hanyar dawowa, sun wuce Wurno kaɗan, Lauwali ya tsayar da babur a gindin wata tsamiya. Ya kashe injin.

"Yaya, akwai maganar da na daɗe ina son in yi maka."

"Tada mu tafi, la'asar na wucewa."

"Ba ka san mi za ni ce ba."

Kyauta ya gyara hularsa a hankali, ya rufe gefen da ba ƙashi.

"Ɗiyanka bakwai, uwarsu ƙanwata ce. Wa za shi ciyar da su in an kulle ka? Ban taɓa mance komi ba, Lauwali, har jan fentin sufanar da ka ɗaga."