Sunan Lantana a Tabarau

A sabuwar doka, duk wanda aka harbe a wasan intanet, sunan mai zanen adon bindigar zai manne a tabarau ɗinsa har magariba. Yau ma da "Lantana" Barau ya wuni a idonsa, matar da shi ya koya wa zane. Nasa sunan kuwa, wata uku ba wanda ya gani.

Da la'asar ya tare wansa Sambo.

"Yaya, shiga ka harbe ni da wadda na zana maka, ko sau ɗaya in ga sunana."

Sambo ya sosa ƙeya. "Ai na yi musayarta da ta Lantana. Ni na harbe ka da safe."