Kafin Ƙanƙarar Ta Narke

Rumyana ta soka doguwar sandar ƙarfen cikin dusar ƙanƙara har hannunta ya nutse, ta zaro, ta ƙara taku ɗaya, ta sake sokawa. Haka take yi tun tsakiyar sanyi. Surukarta, tsohuwa Velika, tana zaune a kan dutse da ƙullin burodi da cuku a cinya, tana kallonta.

Kostadin ake nema, mijin Rumyana, ɗa ɗaya tilo a wurin Velika. Sana'arsa kai baƙi saman dutsen Pirin, masu zamiya a kan ƙanƙara da masu son ganin awakin dutse. Ranar da gefen dutsen ya zaftaro ya cike kwarin, an tarar da motarsa inda hanya ta ƙare, katakan zamiyarsa ba sa ciki. Baƙuwar da yake yi wa jagora a makon, wata mai farar mota daga bakin teku, ta riga ta bar gari tun da safe. Kowa ya ce wannan kam tana da sauran kwana.

Masu ceto sun hau da karnuka da shebur, sun yi iya yinsu. Da ƙanƙara ta kusa haɗiye musu mutum guda, sai babbansu ya cire hula ya ce a jira ta narke. Mu mutanen nan mun san ma'anar wannan magana. Rumyana ce ba ta ji ta ba. Ta bar aikinta a gidan burodi, ta kai 'yarta wurin ƙanwarta, ta ari sanda. Yatsun ƙafarta biyu suka yi baƙi, likita ya yanke su. Tana fara takawa ta koma.

Ita kuwa Velika abin nata sai tausayi. Ta hana a liƙa hotonsa a ƙofa yadda ake yi wa mamaci. Kwana arba'in suka cika, ta ƙi dafa alkamar sadaka. A coci ko yaro ya san kyandir ɗin matattu a ƙasa ake kafa shi cikin yashi, na masu rai a sama. Ita kullum sai ta yi ɗage, ta kafa nata a sama. Mata su taɓa juna, su ce a ƙyale ta, uwa ce.

"Ke tsohuwa, gwiwoyin nan na aro ne?" in ji Strahil, mai kula da masaukin masu hawan dutse, da ya kawo mata shayi. "Ki zauna a gida mana."

"Kai dai miƙo kofin. Bakinka ya fi shayinka zafi."

Ya rage murya. "Yarinyar nan a kwarin nan za ta ƙare. Ƙanƙarar yanzu ruɓaɓɓiya ce, ruwa ke gudu a ƙarƙashinta. Maganarki kaɗai take ji."

Ba wai ba ta gwada ba. Rannan ta kama hannun rigar Rumyana ta ce, "'Yata, ki bari haka. Ba ya nan."

"To yana ina, Mama?"

Velika ta buɗe baki. Ta dubi leɓɓan Rumyana da suka tsattsage, da idanun da hasken ƙanƙara ya ƙona. Sai ta kwance ƙulli ta ce, "Ci burodi."

Rana ta fara ƙarfi, kwarin ya fara amayar da abin da ya haɗiye. Safar hannu ta wani yaro. Kwalbar ruwa. Wata akuyar dutse da ƙafafu a sama. Duk abin da ya yi baƙi a cikin farin, Rumyana sai ta ruga da ɗingishinta, ta durƙusa ta tona da hannu. Velika ba ta taɓa tashi ta duba ba. Ƙanƙara na raguwa, tsohuwar na ramewa. Miyar waken da Strahil ke zuba mata haka take hucewa a gabanta. Ya ce wa matarsa, ranar da aka ciro Kostadin, kabari biyu za a haƙa.

Furanni suka fito a gefen hanya, baƙi suka dawo da jakunkuna da na'urar hangen nesa, suna tambayar inda ake ganin awaki. A kwarin babu sauran fari sai ɗan zirin da ke inuwar dutsen, bai fi tsakar gida ba.

A nan ƙafar Rumyana ta burma har ƙugu. Da ƙyar wasu baƙi suka jawo ta, jiƙe sharkaf, haƙora na kaɗawa. Amma murmushi take yi, na farko tun sanyi.

"Nan kaɗai ya rage, Mama. Gobe zan same shi. In wanke shi da hannuna, in sa masa farar rigarsa. Ita ma yarinyar ta samu inda za ta riƙa kai wa ubanta fure."

Velika ta lulluɓe ta da mayafinta, ta ɗaure mata a wuya kamar ƙaramar yarinya. Ta bar ta kusa da murhun Strahil, ta zagaya bayan masaukin, inda waya ke kamawa. Ta daɗe tsaye. Sannan ta laluba aljihu, ta nemo lambar da aka kira ta da ita sau ɗaya tak, a makon da dutsen ya zaftaro.

Mace ce ta ɗauka. A bayanta ana jin ƙarar cokula, da rediyo, da kukan tsuntsayen teku.

"Ke ce mai farar motar ko?" in ji Velika. "Ki ba Kostadin wayar. Ki ce masa ƙanƙara ta ƙare, ba ni da sauran inda zan ɓoye shi."