Konsidar Likitan Kano

A gidan Malam Isufu na Dogo-Dogo akwai maƙaryaci, kuma ni ba zan rufa masa asiri ba.

Ciwon suga ya ci ƙafar Isufu ta dama har ta yi baƙi. Likitan da ya duba shi a Kano ya ba shi takarda da Ingilishi, ya ce ya dawo cikin mako guda. Tsohon kuwa ya sha rantsuwa gara a binne shi da ƙafarsa da a yanke ta.

'Yarsa Hinda ce ta yi lakwal, wato makarantar boko. Ita ya miƙa wa takardar, bayan ya daɗe yana ƙura mata ido, ya ce rubutun likita tafiyar tururuwa ne. Kalma biyu ta tsinta a ciki. Ta farko konsida. Ta biyu, in an fassara, yanke ƙafa.

Ta san konsida: a auna magana, a juya ta ciki da bai kafin a tsai da shawara. Ta kuma san yadda 'yan tasha suka lanƙwasa ta: a kama ka a kan iyaka, ka roƙi konsida, a tausaya a sake ka.

"Baba, sun ce za su yi konsida."

Ta ɓoye kalma ta biyun. Tsohon ya yi dariya, ya ce shi da ya yi shekara goma sha biyu yana gadi a Ikko za a koya wa konsida? Sassauci ke nan. A nemi mota.

Kwana shida Hinda ba ta haɗa ido da shi ba. In ta faɗa, ya ƙi tafiya, ya mutu. In ta yi shiru, ya farka ba ƙafa, ya tsine mata. Shi kuwa harkarsa yake: ya ara wa ƙanensa Usaini babur, Nafi'u kafinta ya zo sau biyu, wai awon ƙofa.

Ranar komawa Kano, a tashar Magarya, abin ya fi ƙarfinta. Ta durƙusa.

"Baba, akwai kalma ta biyu."

Ya katse ta, ya ce ta je ta duba ɗaurin tabarmarsa kafin a ɗora kaya.

Ta ja igiya, tabarma ta warware. Sababbin sandunan dogarawa biyu suka faɗo, aikin Nafi'u, daidai hammatar ubanta. Na ce maƙaryaci, ban ce maƙaryaciya ba. Mai musu ya fito.