Dutsen Wuyan Yaya Tabawa

Barau wanzami, kai ka cuci yayata Tabawa, kuma a gaban Mai Unguwa nake faɗa!

Tun da asibiti suka rataya wa tsofaffi dutsen wuyan nan, kowa ya san aikinsa. In jijiyar wuya ta tsuke sai ya yi fito, motar asibiti ta taho da kanta. Na taɓa kara kunnena a dutsenta, na ji jininta yana gudu kamar kogi da damina. Ikon Allah! Ashe da kogi muke yawo a wuya ba mu sani ba.

Yau da safe kanta ya sara, dutsen ya kama fito. Ka shigo ka ce, "Inna, mataccen jini ne," ka tsinke zaren don ka kafa mata ƙaho a ƙeya. Motar ta iso bakin lungu, da fiton ya ɗauke sai ta juya.

Yanzu bakin Yaya ya karkace, hannunta ya ƙi ɗaguwa. Ga dutsen a tafina, ya yi tsit.

Ranka ya daɗe, a ta da Barau tsaye ya amsa: wa ya ce ya tsinke?